Zanen Fili da Gini da Kwamfuta: Bayani ga Iyayen Ƙasa da Malamansu

An shirya wannan bayani domin iyayen ƙasa na Boɗinga da Shagari da kewayensu, da malaman da ke riƙe da littattafansu, saboda wata irin takarda da ta yawaita a zaurukansu. Mutum ya kan zo da ita a naɗe, fara fat, da layuka miƙaƙƙu da lambobi bugaggu, ya ce ga zanen filinsa, ko na gidan da zai gina, ko na rumfunan da a ke so a ƙara a kasuwa, yana neman a shaida masa. Da kwamfuta a ke yin irin wannan zane. Wanda bai san yadda a ke yinsa ba ya kan ɗauka duk abin da ya fito daga na'ura daidai ne, ya sa hannu. Wani kuwa sai ya ƙi takardar ɗungum don bai gane ta ba, ya tsayar da aikin mai gaskiya. Tun da ya ke rigimar iyaka ta kan wuce wanda ya fara ta, ta kai ga 'ya'ya da jikoki, ya kamata a ce a ko wace gunduma akwai aƙalla malami ɗaya da ya iya karanta wannan zane, in da hali ma ya iya yin mai sauƙi da hannunsa. Inda a ka ce uban ƙasa a nan, a na nufin wanda mutanen Kano da Zazzau ke kira hakimi.

Awon da da na yanzu

Shata wuri kafin a gina shi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga, ita kanta Sakkwato a 1809 Muhammadu Bello ya fara gininta. Ko wane gari daga cikin waɗannan sai da wani ya tsaya ya ce ga inda masallaci zai zauna, ga kasuwa, ga hanyar da za ta bi ta kai rijiya. Magini kuwa a ƙasa ya ke zanensa. Ya kan ja layi da ƙafa ko da toka, ya kafa turke ya ɗaura igiya ya kewaya in ɗakin mai da'ira ne, sauran lissafin duk yana cikin kansa. A kan wannan tafarki Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da masana daga ƙasashe masu nisa su ka zo su ka auna don mamaki. Aibin wannan hanya ɗaya ne: in gwani ya rasu, zanen ya bi shi.

Da Turawa su ka zo sai a ka sami malaman taki, masu auna gonaki da takun ƙafa don a yanka haraji. Malaman gunduma na yau magadan waɗannan ne. Amma takun dogo dabam, na gajere dabam, na mai gajiya da la'asar kuma ba ɗaya ya ke da nasa na safe ba. Bayansu 'yan safiyo su ka shigo da sarƙar awo da na'urar hangen kusurwa, su koma ofis su zauna gaban allon zane da fensir da tawada. Zane ɗaya ya kan ci kwanaki, in kuwa an yi kuskure sai a kankare da reza ko a sake daga farko.

A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna cewa a na iya zane a fuskar kwamfuta, ita kuma ta riƙe tsawon ko wane layi da yadda ya haɗu da ɗan'uwansa. A lokacin kwamfuta guda ta kan cika ɗaki, sai manyan jami'o'i da kamfanonin jiragen sama da na motoci ke iya mallakarta. A 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da manhajar AutoCAD wadda ke aiki a ƙaramar kwamfuta ta kan tebur, daga nan ne abin ya bazu har allon zane ya kusa ɓacewa daga ofisoshi. Yanzu da wuya a sami mai zanen gine-gine ko mai tsara gari ko ɗan safiyo da ba da kwamfuta ya ke aiki ba.

Matsayin uban ƙasa a wannan sha'ani

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 mulkin En'e ya ƙare, sa'an nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar ko wace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Filayen da a ka ayyana na birni ne Gwamna ke ba da izninsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da iznin zama na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar Gwamna. Watau a shari'ance ba uban ƙasa ke ba da takardar mallaka ba. Amma kowa ya san inda a ke fara zuwa. In an sayar da gona a gabansa a ke yi, in an raba gado a kan nemi wakilinsa, in magana ta kai kotu shi a ke tambaya wa ya san asalin wurin. Hatiminsa a kan takarda yana da nauyi a idon talakawa fiye da yadda doka ta rubuta, saboda haka ya cancanci a tsare shi.

Babbar hanyar mota da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega ita ta ƙara wa maganar zafi. Gonar gero da ke bakin titi yau, gobe fuloti ce, kuma wanda ya saye ta da wuya ya zama ɗan garin da zai ji kunyar maƙwabci.

Abin da a ke fara koyo

Mai koyo ya kan zaci zai fara da zana gida mai bene. Ba haka ba ne. Darasi na farko shi ne sanin cewa a cikin kwamfuta a na zana ko wane abu da ainihin girmansa. In bango mita 12 ne, 12 za a buga, ko da ya ke a fuskar na'urar bai wuce tsawon yatsa ba. Filin zanen ba shi da iyaka, mutum na iya matsowa har ya ga kaurin ƙofa, ya ja baya har ya ga gari duka, girman kuwa bai sāke ba. Ƙanƙanta zane don ya shiga takarda aikin ƙarshe ne, sai an zo bugawa.

Daga nan sai zancen abin awo, kuma a nan yawancin ɓarna ke farawa. Kwamfuta ba ta san ƙafa ba, ba ta san mita ba, lamba kawai ta sani, sai mai zane ya faɗa mata abin da lambar ke nufi tun kafin ya ja layin farko. Dillalan filaye har gobe da ƙafa su ke magana, su ce hamsin da ɗari, alhali kuwa ofisoshin gwamnati da mita su ke aiki. Ƙafa ɗaya ba ta kai sulusin mita ba, 0.3048 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kama mita 15.24 da 30.48, faɗinsa duka murabba'in mita 465 ke nan in an cike. In malami ya buga 50 da 100 a zanen da a ka saita a kan mita, ya ba mutum murabba'in mita 5,000, watau kusan ninki 11 na abin da ya saya, takardar kuma za ta fito tsaf ba tare da wata alamar kuskure ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa uban ƙasa ya tambayi duk wanda ya kawo masa zane: da ƙafa a ka auna ko da mita?

Na uku shi ne sanin mazaunin ɗigo. Ko wane wuri a cikin zane yana da lambobi biyu, ɗaya na faɗin nisansa zuwa gabas, ɗaya zuwa arewa, daga wani ɗigo da a ka ɗauka mafari. Wanda ya saba da hatimin gidaje da malamai ke zanawa a allo ba zai sha wuya ba, domin tsarin ɗaya ne, a ƙirga gidaje a kwance, a ƙirga a tsaye. Haka kuma a na iya faɗa wa na'ura tsawon layi da kusurwar da zai fuskanta, ta ja shi da kanta.

Umarnin da a ke ba manhaja da Turanci ya ke, amma kada wannan ya tsorata kowa, gama waɗanda a ke bukata kullum ba su fi kalmomi 20 ba, yaron da ya haddace izu ɗaya kuwa ba za su gagare shi ba. Akwai na jan layi, da na da'ira, da na baka. Akwai na kwafa da na matsarwa da na juyawa. Akwai na datse abin da ya zarce, da na miƙa abin da ya gaza. Akwai wani mai amfani ƙwarai wanda ke fitar da layi na biyu a gefen na farko, yana binsa duk inda ya karkata da tazarar da a ka faɗa masa. Da shi a ke ba bango kauri, da shi a ke fitar da gefen hanya na biyu, da shi kuma a ke nuna iyakar da ba a yarda gini ya ƙetare ba daga bakin titi.

Abin da ke rarrabe wanda ya koya da kyau da wanda ya tsinci abin a hanya shi ne haɗa bakin layi. Ido ya kan ga layuka biyu sun haɗu, amma in an matso sai a tarar da ɗan rata tsakaninsu. Manhaja tana da dabarar da ke sa linzami ya maƙale daidai a ƙarshen layi ko a tsakiyarsa ko a mahaɗarsa da wani, wajibi ne kuma mai koyo ya kunna ta ya saba da ita tun ranar farko. In iyakar gona ba ta rufu ba, na'ura ba za ta iya faɗin girmanta daidai ba, ko kuwa ta rufe ratar da kanta ta ba da lissafin da ba a nufa ba. Haka nan tsawon gefe huɗu kaɗai ba ya tsayar da siffar fili, domin a na iya karkata shi kamar ƙyauren kara, tsawon gefunan bai canja ba amma faɗin ya ragu. Sai an auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke tsallake. Fili mai mita 15 da 30, in kusurwoyinsa daidai su ke, wannan awo zai ba da mita 33.54. Birkiloli sun daɗe da sanin haka, shi ne uku da huɗu da biyar da su ke yi da igiya wajen kafa harsashi.

Sai kuma falle. A na rarraba zane kamar takardu masu shara-shara da a ka jera bisa juna, iyakokin filaye a falle ɗaya, hanyoyi a wani, magudanan ruwa a wani, burtali da maƙabarta da filin idi ko wanne da nasa, rubutu da lambobi kuma dabam. A na iya ɓoye falle ko a bayyana shi, a na iya kulle shi don kada a taɓa shi da kuskure. Amfanin wannan ga gunduma a fili ya ke. In an taɓa auna burtali an sa shi a fallensa an kulle, duk wanda ya zo da sabon zane sai a ɗora nasa a kai, nan take a ga ko ya ci hanyar shanu. Mai koyon da ya zuba komai a falle ɗaya zai yi zanen da shi kaɗai zai iya gyarawa, shi ma na ɗan lokaci.

Abin da a ke maimaitawa, kamar ƙofa ko taga ko rumfar kasuwa ko kibiyar arewa, sau ɗaya a ke zana shi a ajiye, a riƙa buga shi kamar hatimi. In an gyara na asali, duk sauran sun gyaru. Lambobin tsawo kuwa na'ura ke rubuta su daga layin kansa. Sai dai a sani, mai zane na iya goge lambar gaskiya ya rubuta wata da hannu, layin na faɗin abu ɗaya lambar na faɗin wani. Masu gaggawa na yin haka, masu ha'inci ma na yi.

Bugawa ita ce ƙarshe, a nan ma'auni ke shigowa. In an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, wannan shi ya dace da gida. In 1:1000 ne, santimita ɗaya mita 10 ce, ya dace da unguwa. Takardar da a ke kira A3 tsawonta santimita 42 ne, saboda haka a ma'aunin 1:1000 ba za ta ɗauki fiye da mita 420 ba. Malami mai rula a aljihu na iya jarraba ko wane zane cikin minti ɗaya: ya auna gefe guda, ya lissafa, ya ga ko ya dace da lambar da a ka rubuta. In an yi wa takarda hoto an ƙanƙanta ta ma'aunin ya ɓaci, shi ya sa masu aikin kirki ke zana ɗan sandan awo a ƙasan takarda, wanda ke ƙanƙancewa tare da ita.

Misalin yanka fili

A ɗauka magada sun kawo gona a bakin gari mai tsawon mita 150 da faɗin 72, suna so a yanka ta. Girmanta murabba'in mita 10,800, ta ɗan haura hekta ɗaya. In an yi layi biyu na fulotai masu mita 15 da 30, a ka bar hanya mai mita 12 a tsakani, faɗin ya cika daidai, ko wane layi ya ɗauki fuloti 10, duka 20. Da kwamfuta fuloti ɗaya a ke zanawa, a umarce ta ta jera sauran.

Nan ne gardama ta kan tashi. Wani daga cikin magada zai ce hanyar ta yi faɗi, a mai da ita mita 9. Mai zane na iya sāke ta a gabansu kafin a sauke tukunyar shayi, sai kowa ya ga abin da a ka samu: tsiri ne mai faɗin mita 3 a tsawon gonar, wanda ba ya zama gidan kowa. Fuloti 20 na nan 20, an dai ƙuntata hanyar da za a haƙa lambatu a gefenta biyu, a kafa turakun lantarki, motar yashi ta wuce, a fito da gawa. In kuwa an yarda a sadaukar da fuloti ɗaya daga ko wane layi don hanyar da za ta ratsa, sai a koma 18, amma waɗanda za su zauna bayan wannan gona nan gaba sun sami mafita. Magada ba za su so wannan ba. Uban ƙasa ne kaɗai a wurin ke magana da yawun mutanen da ba su zo ba tukuna, kuma zai fi samun ƙarfin magana in zanen na gaban kowa. Babbar fa'idar na'urar ke nan, a gwada shawara uku ko huɗu a gani da ido tun ba a kafa turke ko ɗaya ba.

Wajen zanen gida ma haka ne, sai dai akwai abin lura. Yawancin misalan da ke zuwa cikin littattafan koyo na gidajen wasu ƙasashe ne, inda ƙofar waje ke buɗewa kai tsaye cikin falo. Ɗalibin da ya kwafe su ba tunani zai kawo wa mutumin Shagari gidan da ba zaure, ba tsakar gida, ba inda za a ɗaure akuya ko a kafa rumbu. Maginan gargajiya ba sa daidaita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Suna kula da bangon gabas domin ta nan hadari ya fi tasowa. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, ɗakin da dogon bangonsa ya fuskanci yamma tanderu ne. Manhaja irin su SketchUp, wadda ta fito a 2000, na iya tayar da gini tsaye ta nuna inda inuwa za ta faɗi a ko wace sa'a ta ko wane wata, amma ba ta san kunya ba, ba ta san inda matan gida ke son madafa ba, sai an tambaye su. Wajen masallaci kuma, alƙibla daga wannan yanki ba gabas sak ba ce, tana wajen digiri 71 daga arewa, watau ta karkata arewa da gabas da kamar digiri 19, kuma ya fi sauƙi a daidaita ta a zane da a rushe bango.

Daga zane zuwa ƙasa

Kwamfuta ba ta taɓa zuwa gona ba. Abin da a ka ba ta shi ta ke mayarwa, a gyare, a tsabtace, kuma tsabtar nan ita ce haɗarin. Yanzu ko wace babbar waya na iya faɗin lambobin wurin da mutum ke tsaye ta hanyar taurarin ɗan'adam, amma ta kan kauce da kamar mita 5 ko a sarari, a ƙarƙashin itatuwa kuwa fiye da haka. Wannan ya isa a san inda rijiya ta ke ko inda kwalbati ya karye. Bai isa a raba iyakar fuloti mai faɗin mita 15 ba, domin kuskuren ya kai sulusinsa. 'Yan safiyo na da na'urori masu kai wa santimita, nasu aikin dabam ne.

Akwai kuma wani tarko da ko masu ilmi ke faɗawa. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an kafa lissafinsu a kan wani ɗigo da ke kusa da Minna, wayoyi kuwa da hotunan sama irin na Google Earth a kan lissafin duniya su ke tafiya. A wannan yanki bambancin ya haura mita 80. In an ɗora zanen da a ka yi da ɗaya a kan taswirar da a ka yi da ɗayan ba tare da an juya lissafin ba, gonar mutum sai ta tashi ta sauka cikin ta maƙwabcinsa, kowa kuma ya rantse takardarsa ce mai gaskiya, dukansu ba su yi ƙarya ba. Saboda haka zanen kirki ya kan faɗi lissafin da ya bi.

Zanen shimfiɗe kuma ba ya nuna gangare sai an auna tudu da kwari an shigar. Da rani fadama da tudu duk ɗaya ne a fuskar na'ura. Waɗanda su ka ga ambaliyar 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya cinye garuruwa da gonaki ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sa bukatar a faɗa musu abin da ruwa ke yi in ya dawo hanyarsa. Tsoho ɗaya da ya san inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa ya fi hoton sama amfani a nan, kuma aikin malamin gunduma ne ya kai mai zane wurinsa, a sa abin da ya faɗa a falle na musamman. Wannan ya fi zama dole a gonakin da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari da sauran fadamu.

In an kawo zane gaban uban ƙasa, malami ya fara neman kibiyar arewa da ma'auni da abin awo. Ya duba ko an rubuta sunayen maƙwabta a ko wane gefe, da lambobin duwatsun safiyo, da ranar da a ka auna, da sunan wanda ya auna da hatiminsa. Tun 1989 akwai hukumar ƙasa mai yi wa 'yan safiyo rajista, masu zanen gine-gine kuwa tasu tun 1969 ta ke, kuma zanen iyaka da za a kafa hujja da shi wajen neman takardar mallaka sai mai rajista ya sa masa hannu. Zanen da malamin gunduma ya yi na shawara ne da ajiyar tarihi, ba ya maye gurbin wancan, kuma kada wani ya ruɗe shi ya karɓi kuɗi a kan haka. Bayan an gama duba takarda, sai a tafi wurin da ƙafa, da tef, da maƙwabta duka, a ga duwatsun a ƙasa kafin a buga hatimi.

Wanda zai koya da inda zai koya

Ba lalle ne uban ƙasa ya koya da kansa ba. Ya zaɓi malami ko wani daga cikin samarin gari, namiji ko mace, wanda ya iya lissafin sakandare, mai haƙuri, wanda kuma ba a san shi da kwaɗayi ba, gama wanda ya iya ja layi ya iya matsar da shi. Mai son zurfafawa har ya zama sana'arsa sai ya nufi makarantun kimiyya da fasaha irin na Sakkwato da Birnin Kebbi da Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda a ka kafa a 1962, mai daɗaɗɗen sashen koyar da zanen gine-gine, ko makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo. Amma matakin farko da a ka bayyana a nan ba ya bukatar shekaru. Wanda ya sami mai nuna masa, yana kuma zama gaban na'ura sa'a ɗaya ko biyu kullum, zai kama shi cikin 'yan makonni.

Zanen shimfiɗe ba ya bukatar kwamfuta mai tsada. Ta tafi-da-gidanka ta fi dacewa saboda batirinta, in wuta ta ɗauke aiki bai salwanta ba, ƙaramin faifan hasken rana kuma na iya ciyar da ita. Lalle a sayi linzami na dabam, da yatsa a kan allon shafawa ba a zanen kirki. AutoCAD da kuɗi a ke hayarta shekara shekara, ko da ya ke kamfanin na ba ɗaliban makarantu izni kyauta don karatu. Akwai kuma waɗanda ba a biya ko kwabo, kamar LibreCAD don zanen shimfiɗe da QGIS don taswirar gari da gonaki, ba sa kuma bukatar intanet bayan an sauke su. Waɗannan sun fi wa ofishin gunduma kwafin sata da a ke sayarwa a kasuwa, wanda sau da yawa ya kan zo da cutar da ke lalata fayiloli.

Mai koyo ya fara da ɗakin da ya ke kwana, ya auna shi da tef ya zana, ya buga, ya koma ya gwada da bango. Sa'an nan gidansu duka, sa'an nan zauren uban ƙasa da filin da ke gabansa, sa'an nan layi ɗaya na kasuwa ranar da ba ta ci. Kada ya taɓa gonar da a ke rigima a kanta sai hannunsa ya faɗa. Ko wane zane a ba shi suna da kwanan wata da lambar da ta dace da ta littafin gunduma, a ajiye fayil ɗin wuri biyu, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba, a kuma buga kwafi ɗaya a takarda a sa a akwatin ofis, inda wanda zai gaji malamin zai same shi ko da na'urar ta mutu.